Yadda ake gano misin mai zuwa ya tafi a injin tsohuwar Mazda MX-5

Misin, wato silinda ta riƙa kasa ƙona mai, wanda ya fi ba makanike wahala shi ne mai ɓuya: mota ta yi ta fizga a hanya, da an iso gareji ta koma lafiya lau. A Mazda MX-5 ta farko, wadda aka ƙera daga 1989 zuwa 1997 da injin lita 1.6 ko 1.8, kada ka fara da sayen kaya. Fara da gano lokacin da abin yake tasowa. In sai an taka totur a babbar giya ko ana hawa tudu, wuta ce ke gazawa, domin a lokacin matsin cikin silinda ya fi yawa, tartsatsi kuma ya fi shan wuyar tsallaka bakin fulogi. In a silo ne kawai, nemi inda iska ke satar shiga. In sai inji ya ɗauki zafi, zargi koyil ko sansa. In bayan ruwan sama ne, kusan kullum wayoyin fulogi ne.

Wayoyin nan su ne raunin motar, da yawansu ba sa wuce kilomita 50,000. Tayar da inji cikin duhu, ka fesa musu ruwa kaɗan kamar raɓa. In ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle zuwa jikin inji, ka kama ɓarawo. Awo da mita ma yana da amfani, kada ya wuce om (ma'aunin juriya ga wucewar wuta) 16,000 a kowace mita ɗaya ta tsawon waya, amma waya tana iya cin wannan jarrabawa ta ci gaba da zubar da wuta a kan hanya. Zaro kowace ka leƙa ramin fulogi. In baƙin mai ya taru, gaskit ɗin murfin bawul ya mutu, kuma muddin ba a canja shi ba sabuwar waya ma za ta lalace. Duba farin jikin fulogi: siririn baƙin layi kamar zanen fensir hanya ce da wuta ta ƙona wa kanta. A nan fulogi da waya tare ake canjawa, in ba haka ba tsohon zai ɓata sabon. Tazarar baki milimita 1.0 zuwa 1.1 ce. A ɗaure fulogi inji na sanyi, Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 15 zuwa 22, don kan injin alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfin hannu.

Koyil biyu ne a bayan kan inji, ɗaya na silinda 1 da 4, ɗaya na 2 da 3. Wannan kaɗai yana rage rabin aiki. Jera fulogi huɗun bisa tsarinsu: in na 1 da na 4 ne suka yi baƙi tare, koyil ɗinsu ne ko abin da ke ba shi umarni. In ɗaya ne tak, mayar da shi wata silinda ka gani ko misin zai bi shi. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji. Kada ka zare waya ka bar ta tana lilo inji na aiki, koyil ne zai biya. Cire soket ɗin nozul ya fi aminci. A masu lita 1.8 kuma, barin makulli a kunne inji a kashe yana iya ƙona koyil.

Sa ido ga allurar da ke nuna juyin inji. In ta faɗi farat ɗaya daidai lokacin fizgar, matsalar tana tasowa tun kafin koyil: sansan kamshaf da ke bayan kan inji, soket ɗinsa, ko wayar at, wadda ke haɗa wuta da jikin mota. Inji na silo, girgiza wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Batir a but yake, saboda haka at mai tsatsa ba baƙon abu ba ne. Kwance, kankare, ɗaure. Kafin ka taɓa sansan yi masa alama, domin juya shi ne ke saita taimin. Ana saitawa a digiri 10, bayan an haɗa ramukan da aka rubuta wa TEN da GND da 'yar waya a ƙaramin akwatin gwaji na ƙarƙashin bonet.

Sai an tabbatar ɓangaren wuta ba shi da laifi ake komawa kan mai. Filta tana ƙarƙashin mota kusa da tayar baya, kuma sau da yawa an manta da ita shekara da shekaru. Matsin mai a silo bar (ma'aunin matsi) 2.1 zuwa 2.6 ne, ya haura kusan 3 in an zare siririn bututun iska na regileta. Kowane nozul om 12 zuwa 16. Ma'aunin iskar injin 1.6 mai ƙyaure ne. In layin cikinsa ya cinye, mota takan yi tuntuɓe a wuri guda na totur kullum. Kada ka kwance sukurori biyun soket ɗinsa, za ka tsinke wayoyin ciki. Ƙarfen da ya riƙe soket ɗin ake ɗagawa.

Motocin kasuwar Amurka daga 1996 suna ba da lamba a kwamfutar gwaji, P0301 zuwa P0304 gwargwadon silinda, P0300 in misin na yawo. Waɗanda suka girme su ba su da lambar misin ko ɗaya.

In duk wannan bai nuna komai ba, auna kwamfireshan inji na zafi, totur a buɗe. Bambanci tsakanin silinda kada ya wuce bar 2. A motocin 1990 zuwa farkon 1991 duba fulin gaban kiranshaf, in yana rawa ramin makullinsa ya cinye, taimin ya zame. Kafin a gano, a rage hawa motar: ɗanyen fetur da bai ƙone ba yana sauka cikin matatar hayaƙin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ya narkar da ita.