Yadda Ake Shirya Tattaki Zuwa Duwatsu da Tsofaffin Kufai a Ƙasar Katsina

Mafi yawan ƙasar Katsina shimfiɗaɗɗiya ce, amma jefi-jefi akwai manyan duwatsu da suka taso a tsakiyar gonaki, kuma suna ƙara yawa idan aka nufi kudu da yamma, daga wajen Dutsin-Ma zuwa Ƙanƙara da Faskari. A gindin irin waɗannan duwatsu, da kuma bakin fadamu, magabata suka kafa garuruwan da yanzu suka zama kufai. Wanda yake son ya taka zuwa waɗannan wurare ya sani cewa ba zai sami alluna masu nuna hanya ba. Hanyar ita ce turbar da manoma suke bi zuwa gona da burtalin da shanu suke ratsawa, kuma mutanen ƙauye ne kaɗai suka san inda kowace ta ɓulle. Saboda haka shirin tattaki a nan yana farawa ne da neman mutanen wurin, kafin a yi maganar takalmi ko guzuri.

Tambaya ta farko ita ce ta tsaro, kuma ba a yi mata gaggawa. Dajin Rugu, wanda ya ratsa ƙasashen Safana da Batsari da Ɗanmusa har ya shiga Zamfara, yana cikin manyan gandayen dajin wannan yanki, amma shekaru da dama ke nan 'yan bindiga suka mayar da shi maɓoya, don haka ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Ina faɗin wannan da takaici, domin akwai daji da duwatsu masu yawa a can. Haka nan ƙananan hukumomin Jibiya da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kada a shiga ƙauyukansu sai da cikakken bayani daga mazauna wurin da jami'an tsaro. Ɓangaren gabas da arewa maso gabas, wato wajen Mani da Mashi da Daura, ya fi samun kwanciyar hankali, duk da haka a tambayi halin da ake ciki a makon tafiyar, domin labarin watan jiya ba ya isa.

Idan an tsayar da wuri, sai a fara da ƙofar maigari. A yi sallama, a tuɓe takalmi, a zauna a ƙasa, a gaisa a tsanake, sannan babba a cikin matafiya ya ce: "Ranka shi daɗe, mu baƙi ne daga birni, mun zo ganin kufan da ke bayan gari, muna neman izini da wanda zai yi mana jagora." A kai ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa. Amfanin wannan gaisuwa yana da yawa. Baƙin fuska da suka ɓulla a bayan gari da jakunkuna a baya, a irin wannan zamani, suna iya tayar da hankalin jama'a har 'yan sintiri su tare su, amma idan an gan su tare da ɗan gari, kowa zai ci gaba da harkarsa. Jagoran da ya fi dacewa shi ne dattijon manomi ko maharbi, wanda ya san sunan kowane dutse da labarin da ake bayarwa a kansa. A daidaita da shi kan abin da za a ba shi tun kafin a tashi.

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta kwanta, ƙasa ta fito fili, iska kuma ta yi sanyi. A bazara zafi yakan haura digiri 40, kuma kan dutse yakan yi zafin da tafin hannu ba ya iya jurewa. Da damina kuwa dutse yana santsi, rafuka suna kawo ruwa ba zato, hatsi kuma ya rufe kufan. A tashi bayan sallar asuba, a yi niyyar komowa inuwa kafin azahar. Mai lafiya yana cin kimanin kilomita 4 a awa ɗaya a kan turba mai kyau, yashi da hawa suna rage wannan ƙwarai, don haka kilomita 8 zuwa 10 sun ishi mai farawa.

Guzuri ba ya buƙatar tsada. Kowa ya riƙe ruwa kamar lita 3, da dabino da ƙuli-ƙuli ko soyayyar gyaɗa, da malafa da sanda, da takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa saboda tsidau da ƙayar aduwa. Dogon wando mai kauri ya fi, domin ƙarangiya tana manne wa ƙafa ta hana mutum sakat. A cika waya da caji, a kuma gaya wa mutanen gida sunan ƙauyen da lokacin da ake sa ran dawowa. Kada a yi tafiyar ƙasa da mutum uku.

Wanda bai saba doguwar tafiya ba ya fara gwada ƙafarsa a cikin birnin Katsina. Ana iya tashi daga hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin mita 15, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, a wuce ta Ƙofar Soro, a nufi tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, wadda yanzu take gidan adana kayan tarihi. Daga nan sai a bi sawun ganuwa ta Ƙofar Sauri da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa. A wurare da yawa gine-gine sun cinye ganuwar, abin da ya rage bai wuce tudun jar ƙasa ba, kuma wannan shi ne darasin da ido yake buƙata, domin a daji ma haka tsohuwar ganuwa take bayyana.

Wurin da na fi ba da shawarar a nufa bayan wannan shi ne Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, kimanin kilomita 30 gabas da Katsina. A nan akwai tuddan da aka binne manyan mutanen da, waɗanda tarihin baka yake dangantawa da Durɓawa, gidan da ya yi mulki kafin Korau ya karɓi sarauta daga hannun Sanau. Baturen mulki Palmer ya tona wasu daga cikinsu a 1907, aka sake wani haƙa a 1992 tare da masana daga Jamus, inda aka sami kuɗin wuri da duwatsun ado da mundaye da wani kwanon ƙarfe da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya, shaidar cewa fatauci ya haɗa wannan ƙasa da nesa tun ɗaruruwan shekaru. Wanda ya je yana tsammanin manyan gine-gine zai ga tuddai ne kawai a cikin gonaki. Sai ya rage sauri, ya sunkuyar da kai, sannan wurin zai fara yi masa bayani.

Karanta kufai yana da alamomi sanannu. Kukoki da yawa a wuri ɗaya, inda babu gida ko ɗaya, galibi suna nuna cewa an taɓa zama a nan. Ƙasa mai launin toka a tsakiyar jar ƙasa tana iya zama tsohon juji. Akwai tsingaro, wato fasassun tukwane, da dutsen niƙa wanda tsakiyarsa ta lotsa, da ramukan marina da suka cike. Wani dattijo da ya taɓa yi mana jagora ya tsaya a bakin wata gona, ya tona ƙasa da ƙafar sandarsa, ya ɗauko wani baƙin dunƙule mai ƙuraje da nauyi, ya ce mini: "Malam, riƙe ka ji, wannan kashin maƙera ne, a nan suka narka tama." Da na gama dubawa sai ya karɓa ya mayar da shi daidai ramin da ya fito. Haka ya kamata kowa ya yi: a ɗauki hoto, a mayar da abu inda yake, domin tsingaron da aka raba da wurinsa ya rasa rabin labarinsa. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana haƙa ko sayar da kayan tarihi ba da izini ba. Inda kuma aka ce kushewa ce, a yi addu'a, kada a hau kai.

Wajen hawan dutse, a bi ɓangaren da awaki suke bi, a riƙa karkacewa maimakon a miƙe tsaye, kuma a tuna cewa saukowa ta fi hawa haɗari. Kada a zura hannu a kogo ko ƙarƙashin dutse, domin nan ne kububuwa da kunama suke fakewa. Idan maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti da gaggawa. A cikin gandun daji na gwamnati kuma a nemi malamin daji, kada a sare itace, kada a kunna wuta, domin busasshiyar ciyawar hunturu ba ta jira. Idan aka haɗu da garken shanu a burtali, a ba su hanya, a gaida makiyayi, kuma kada a ɗauki hoton mata ko rugga sai an nemi yarda.

Wanda ya sami kwana biyu ya ƙarasa Daura, kimanin kilomita 80 daga Katsina. A ziyarci rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, sannan a nemi masu kula da rijiyar ko mutanen fada su haɗa matafiya da wanda zai kai su Tsohon Birni, mazaunin da ake cewa daga can Sarauniya Daurama ta dawo da gari inda yake a yau. Ƙasar wajen tana da yashi, saboda haka a ƙara ruwa a kan na jiya, a kuma rage tsawon tafiyar. Da an dawo, a koma wurin wanda ya ba da izini a shaida masa cewa kowa ya fito lafiya, a sallami jagora a gabansa, sannan a kama hanyar gida tun rana ba ta faɗi ba.