Yadda na ceto tsutsotsin kamun kifina

Watan Afrilu ne, zafin Gombe ya kai inda ya kai, na buɗe robar da nake kiwon tsutsar dusa, wadda nake sa wa ƙugiya in za ni fatsa dam ɗin Dadin Kowa. Wari ya buge ni. Dusar alkamar ta dunƙule, ta yi fumfuna, tsutsotsi da yawa sun yi baƙi ƙirin sun mutu.

Laifina ne. Ganin zafi, sai na riƙa yayyafa wa dusar ruwa, har da jefa ɓawon kankana, wai ni mai tausayi. Ashe jiƙar dusa ce ajalinsu. Ga robar a rufe ruf, a ɗakin kwano.

Na tankaɗe da rariya, na tsince masu motsi, tsohuwar dusar kuwa bola. Sabuwa na shanya ta bushe ƙarau, na zuba kamar tsawon ɗan yatsa. Ruwansu yanzu yankan karas ne, ina canzawa bayan kwana 2. Murfin na huda shi, na ɗaura gidan sauro.

Babban abin shi ne wuri. Tsutsar nan ta fi son ɗumin digiri 25 zuwa 28, don haka na mai da robar gindin randa. Kiyashi suka gano ta, sai na ɗora kan kujera 'yar tsuguno, ƙafafunta cikin gwangwanayen ruwa.

Asabar da ta wuce tarwaɗa uku na kamo da su.