Yadda ake ɗora manhajar gwaji a OpenShift ta hanyar samfuri

Ɗalibin da ke koyon shirya manhajar yanar gizo a Marwa ko Garwa yakan ci karo da matsala biyu tun kafin ya kai ga ainihin aikin: kwamfutarsa ba ta da ƙarfi, kuɗin data kuma yana cin aljihunsa. Shi ya sa nake ba da shawarar a fara da samfuran da ke zuwa tare da OpenShift, dandalin kwantena (wato ƙunshin manhaja tare da duk abin da take buƙata don ta gudana) na kamfanin Red Hat wanda aka gina a kan Kubernetes, tsarin da ke sarrafa kwantenoni. Samfuri fayil ne da ke bayyana duk abin da manhaja take buƙata: inda lambobinta (wato code ɗinta) suke, yadda za a gina ta, rumbun bayananta, da adireshin da masu ziyara za su bi. Ginin yana gudana ne can a kan sabar, kai umarni kawai kake aikawa, don haka ko wuta ta ɗauke a unguwarku aikin yana ci gaba.

Ka buɗe asusu a Developer Sandbox na Red Hat, wanda ake bayarwa kyauta na kwana 30 tare da wurin aiki da aka riga aka tanadar maka. Akwai kuma OpenShift Local da ake sa wa a kwamfutar mutum, amma yana buƙatar ƙwaƙwalwa fiye da gigabait 9, abin da yawancin kwamfutocin ɗalibanmu ba su da shi. Ka sauke kayan umarni na oc, ka kwafi umarnin shiga daga shafin dandalin, ka liƙa shi a tagar umarni.

Umarnin `oc get templates -n openshift` zai nuna maka samfuran da ake da su, cikinsu har da na kayan gina manhajar yanar gizo irin su Django, Rails, Node.js da CakePHP. Kafin ka ɗora ko ɗaya, ka karanta abubuwan da za a iya sauyawa da `oc process --parameters -n openshift django-psql-example`. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, alhali a nan ne za ka ga cewa samfurin da kansa yake ƙirƙirar kalmar sirrin rumbun bayanai ya adana ta. Sai ka rubuta `oc new-app django-psql-example`, ka bi ginin da `oc logs -f bc/django-psql-example`, in ya kammala ka nemi adireshin da `oc get route` ka buɗe shi a burauza.

Akwai abu ɗaya da nake so kowa ya riƙe da kyau. Samfurin django-psql-example yana ajiye bayanan rumbunsa na PostgreSQL a ma'ajiyar wucin gadi, wadda take shafewa duk lokacin da aka goge pod ɗin rumbun, wato mazubin da kwantenarsa ke gudana a ciki, aka tayar da sabo. A ce ka gina wa ƙungiyar 'yan albasa rajistar buhunan da suke lodawa zuwa kudu, suka yi mako guda suna shigar da lissafi, sannan aka goge pod ɗin aka tayar da sabo: babu abin da zai rage, kuma ba za ka sami bakin yi wa dattawan ƙungiyar bayani ba. Duk aikin da wani zai dogara da shi, ka ɗora shi da django-psql-persistent, wanda ke neman ma'ajiya mai ɗorewa.

Idan gwajin ya yi aiki, ka kwafi ma'ajiyar sclorg/django-ex, inda lambobin manhajar gwajin suke, zuwa asusunka na GitHub, ka sake ɗorawa kana ƙara `-p SOURCE_REPOSITORY_URL=` da adireshin kwafinka. Daga nan lambobinka ne ake ginawa, kuma suna nan a GitHub ko bayan kwana 30 ɗin sun cika.