Yadda ake karɓar horon kula da yaro mai rigima ta kiran bidiyo

Tsarin PCIT, wato horar da iyaye kan mu'amala da yaro domin gyara halinsa, wanda Sheila Eyberg ta ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1970 domin yara 'yan shekara 2 zuwa 7, yanzu ana yin sa ta waya. Mai horarwa yana kallon uwa ko uba suna wasa da yaro, yana raɗa musu abin yi a kunne.

Kafin zaman farko, a yi mako guda ana rubuta abin da ya faru kafin rigima, abin da yaron ya yi, da abin da aka yi masa. "Ya yi fitina" ba ta gaya wa mai horarwa komai. "Na karɓe wayata, ya yi birgima minti 10, na mayar masa" ita ke nuna inda gizo ke saƙar.

A jingina waya inda za ta ɗauko tabarma gaba ɗaya, a sa na'urar sauraro ta Bluetooth a kunne ɗaya, a kashe talabijin. Takarda da fensir mai kala sun isa. Ban da ƙwallo, tana tayar da guje-guje.

Ginshiƙin aikin shi ne wasan minti 5 kullum, yaro na jagora. A yaba masa takamaimai: "Madalla da ka ajiye fensir a hankali." A maimaita maganarsa, a faɗi abin da hannunsa ke yi. Abin da ake nema cikin minti 5 shi ne 10 na kowanne cikin ukun nan, tambaya da umarni da kushe kuma kada su wuce 3 a haɗe. Barin tambaya ne ya fi wuya, domin baki ya saba da "mene ne wannan?"

Sai wannan ya zauna ake shiga koyar da umarni: guda ɗaya, a sarari, a jira daƙiƙa 5.

Idan aka daina kula kukan neman abu, yakan ƙaru kafin ya ragu. A nan iyaye da yawa ke sarewa, yaro ya koyi cewa ƙara murya na biya. Haka ma idan uwa ta hana, kaka ta miƙa; a sa duk mai renonsa cikin zaman.

In sabis na yankewa, a ɗauki bidiyon wasan a tura wa mai horarwa. Yaron da ke ji wa kansa ko ƙannensa ciwo kuwa, a kai shi likita ya gan shi ido da ido.