Kafin ka ɗaura jaka zuwa Sudan aikin mishan cikin matasa

'Yan'uwa daga Jos da Kafanchan da Gombe suna yawan turo min saƙo, kusan duk magana ɗaya ce: wai sun ji akwai Hausawa da yawa a Sudan, su kuma suna jin Hausa, suna da kira na aikin matasa, toh ta ina za su fara. Maimakon in ta amsa wa kowa shi kaɗai bari in rubuta a wuri ɗaya, daga nan Gadarif inda nake hidima ƙarƙashin wata ikilisiya ta 'yan ƙasa. Abu na farko da nake so ka cire a kanka shi ne tunanin cewa Hausarka ce jarinka. Za ta amfane ka sosai, za ka ci tuwo da ita, za ka samu abokai da ita, amma aikin da aka aiko ka ba da ita za ka yi shi ba.

Fara da tambayar wa ya aiko ka kuma wa zai karɓe ka. Kar ka zo da kanka kawai don ka yi mafarki ko wa'azi ya taɓa ka ranar Lahadi. Idan kai ɗan ECWA ne ga EMS nan, ƙungiyar mishan ta ikilisiyar, tun 1948 take aika masu bishara, idan COCIN ne ko Angilikan ko Katolika kowa yana da ofishin mishan nasa, je ka zauna da su, su gwada ka, su san wa zai biya kuɗin abincinka da maganinka wata wata. A wannan ɓangaren kuma dole a samu ikilisiyar Sudan da ta rubuta takardar gayyata da sunanka. Kuma dan Allah kar ka shigo da kan cewa kai ne ka kawo bishara ƙasar nan. Akwai masarautun Kirista a Nubiya tun ƙarni na 6, Daniel Comboni, bishop ɗan mishan na Katolika, ya mutu a Khartum a 1881, ƙungiyar mishan ta SUM ta fara aiki a Heiban cikin duwatsun Nuba a 1920, ƙungiyar mishan ta SIM ta shigo a 1937 wajen ƙabilun Mabaan da Uduk, daga nan aka samu Sudan Interior Church da Sudanese Church of Christ da suke nan har yau. A 1964 gwamnati ta kori 'yan mishan na waje daga kudancin ƙasar kuma coci bai mutu ba, fastocin ƙasa ne suka riƙe shi. Jikokin waɗancan mutanen ne za su zama shugabanninka, ka zo da niyyar bin umarninsu.

Maganar takardu kuwa babu wasa. Biza ta fito da gaskiyar abin da za ka yi, kar wani ya ce maka ka shigo a matsayin ɗan kasuwa ko ɗalibi sannan ka ɓuya kana aikin coci, ranar da abin ya fito kai za a sa ka a jirgi ne kawai, faston da ya sauke ka shi zai zauna da 'yan tsaro. Da ka sauka a yi maka rajistar baƙi wajen 'yan sanda cikin kwana 3, kuma fita daga jiha zuwa jiha sai da izini. Idan aikin ya shafi rabon abinci ko shiga sansanin 'yan gudun hijira to yana ƙarƙashin hukumar agaji ta gwamnati wato HAC, ikilisiyar da ta gayyace ka ta san hanyar. Sannan kowa ya san tun 15 ga Afrilu 2023 ana yaƙi tsakanin sojoji da dakarun RSF, waɗanda a nan ake ce wa Da'ama. Gwamnati ta koma Port Sudan lokacin, Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023 sai a Janairu 2025 sojoji suka karɓe ta, Khartum a Maris 2025. Darfur da Kordofan kar ma ka sa su a lissafi. Idan masu gayyatarka suka ce ka dakata, dakata, ba rashin bangaskiya ba ne.

Yanzu Larabci. Matasan da za ka samu a coci 'yan Nuba ne, da 'yan Sudan ta Kudu da suka rage bayan rabuwar 2011 ko suka dawo gudun yaƙi, da Uduk, da 'yan Habasha da Iritiriya, ga kuma Kibɗawa, Kiristoci 'yan asalin Masar, da nasu tsarin daban. Babu mai jin Hausa cikinsu sai ɗaiɗaiku da suka tashi a unguwar Hausawa. Sujada da Larabci ake yi, waƙa da Larabci da yarukansu, Littafi Mai Tsarki fassarar Van Dyck ta 1865 ce aka fi karantawa kuma Larabcinta mai nauyi ne ko ga su 'yan ƙasar. Don haka kafin ka taso nemi malami ko na Islamiyya ne a unguwarku ya koya maka haruffa da karatu, idan ka iso sai ka ɗora da Larabcin titi, darijiyya, wanda shi ake magana da shi. Watannin farko ka yarda kai ɗalibi ne. Zauna wajen masu shayi, a nan mata ne ke sana'ar, sittat shai, ka sha shayinka ko jabana, wato gahawa, ka buɗe kunne. Yaran coci za su yi maka dariya in ka kwafsa, bar su su yi, ta nan ake sabawa. Ni a ganina duk ɗan mishan da ya shekara yana wa'azi da tafinta bai fara aikin matasa ba tukuna, domin yaro ba zai gaya maka damuwarsa ta bakin mutum na uku ba.

Toh Hausawa fa? Suna nan kam, da yawa, a Gadarif da Kasala da Sinnar da Damazin da Jazira da Port Sudan, wasu kakanninsu hanyar Makka ce ta kawo su da ƙafa suka tsaya noma don neman guzuri har zama ya kama, wasu hijira ce bayan yaƙin Burmi na 1903 inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Gonakin auduga na Jazira da aka buɗe a 1925 sun ja wasu. Za ka ga agashe a kan titi ka gane tsiren gida ne, kuma duk Sudan an san na Hausawa ne. Amma ka sani 'yan Sudan ne, ba baƙi ba, kuma Musulmi ne masu riƙo, da khalwa ɗinsu, wato makarantun allo, da shehunansu da ɗariƙunsu. Kar ka ce wa dattijo "yaushe za ku koma gida", wannan magana ciwo ce. A Yuli 2022 an yi rikici a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu kan filaye da sarauta, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, an kashe ɗaruruwa, kuma tushen abin shi ne wasu na cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. Don haka kai da ka zo da fasfo na Najeriya kar ka zama dalilin da za a ƙara nuna su da yatsa.

Ranar da ka fara shiga unguwarsu nemi wani ya kai ka wajen shehun unguwa ko sarkin Hausawa, ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaida shi kamar yadda za ka gaida hakimi a gida, ranka ya daɗe, Baba, Malam, Alhaji. Kuma tun a zaman farko ka faɗa da bakinka cewa kai Kirista ne kuma coci kake wa aiki. Da yawa za su yi mamaki, wasu ba su taɓa ganin mai jin Hausa da ba ya salla ba, za a yi shiru kaɗan sannan a kawo shayi. Wanda ya ɓoye, ya bar su suna kiran sa Malam Musa suna zaton nasu ne har wata uku, ranar da aka gane ya gama yawo a unguwar kuma ya ɓata wa duk mai zuwa bayansa. Je ka suna, je ka ta'aziyya, a Ramadan kar ka ci abinci a gabansu, in an shimfiɗa tabarmar buɗa baki a kan titi aka ce itfaddal, wato bismilla, to zauna ka ci. Idan wani ya tambaye ka game da bangaskiyarka amsa masa da gaskiya da ladabi. An soke dokar ridda a Yuli 2020, gaskiya ne, amma dokar gida da ta dangi tana nan, wanda ya canza addini shi zai rasa mata da gado da wurin kwana, kai kuwa kana da tikitin komawa. Wannan nauyin ya kamata ya hana ka gaggawa.

Shi aikin matasan kansa, fara da kalanda. Juma'a da Asabar ne hutu, Lahadi ranar aiki ce da makaranta, shi ya sa majami'u da yawa suke sujadar yamma, taron matasa kuma Juma'a ya fi. Tsakar rana kar ka kira kowa, zafi ba zai bari ba, bayan la'asar ake fitowa. A Gadarif damina, kharif, tana farawa wajen Yuni, ƙasar baƙar laka ce mai kama ƙafa, daga nan zuwa girbin riɗi da dawa wajen Oktoba da Nuwamba samari suna gona neman kuɗi, in ka shirya babban taro a lokacin kujeru za ka yi wa wa'azi.

Ƙwallo ita ce ƙofa mafi sauƙi. Dafuri suke ce wa ƙwallon unguwa, kuma kowane yaro ko ɗan kulob ɗin Hilal ne ko na Marikh, ka zaɓi ɗaya ka sha tsiya. Amma abin da iyaye suka fi buƙata karatu ne, makarantu sun daɗe a rufe saboda yaƙi, wasu ma an mayar da su masaukin 'yan gudun hijira, akwai 'yan shekara 12 da suka manta karatu gaba ɗaya. Rumfa ɗaya, rakuba, da allo da alli da matasan coci biyu da suka gama sakandare, ka koya musu yadda za su koyar, ajin lissafi da Turanci ya tashi. Yaran Musulmi za su zo, har da na Hausawa. A nan ne ake gane ɗan mishan na kirki: ka raba ajin karatu da makarantar Lahadi rabuwa ta sosai, lokaci daban, kuma uban kowane yaro ya san me ake koyarwa ya kuma yarda. Kar ka saka waƙar coci a tsakiyar darasin lissafi kana ganin dabara ce. Yaro zai rera ta a gida da daddare, gobe ajin ya watse, kuma uban yana da gaskiya. 'Yan mata kuma mace ce za ta kula da su, idan kai namiji ne kar a taɓa ganin ka kai kaɗai da yarinya ko da yaro a ɗaki, kowane zama a fili kuma da babba na biyu.

Haka maganar abinci. Tun da aka fara yaƙi matasan unguwanni suka kafa ɗakunan agajin gaggawa da takaya, wato kicin na jama'a inda ake dafa ful ko adas ko asida a raba wa kowa. Maimakon ka buɗe naka da allon coci a kai, kai matasanka su sa hannu a wanda yake akwai, su ɗebo ruwa su fasa itace tare da matasan masallaci. Suna da abin da suke kira nafir, gayya ce dai irin tamu. Kuma kwanon abinci ba a haɗa shi da sharaɗi, ba a ce sai ka zauna an yi addu'a.

Da yawa cikin yaran nan sun ga abin da kai ba ka taɓa gani ba, gawa a kan titi, an harbi uba a gabansu, 'yan mata an yi musu abin da ba sa iya faɗa. Kar ka matsa wa kowa ya ba da shaida a gaban taro, kar ka yi saurin jefa aya. Saurara. In abin ya fi ƙarfinka akwai ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji da aka horar don haka, faston wurin ya san su. Siyasar yaƙi kuma kulle bakinka, cikin ajinka akwai wanda yayansa yake soja da wanda nasa yake can ɗaya ɓangaren.

Waya da kuɗi su ne suka fi jefa baƙi cikin matsala. Kar ka ɗauki hoton gada, shingen bincike, soja ko ginin gwamnati, kuma a shinge ana iya buɗe wayarka a duba WhatsApp. Petr Jasek ɗan ƙasar Cek an kama shi a Disamba 2015 kan hotuna da kuɗin magani da ya ba wani ɗalibi, bai fita ba sai Fabrairu 2017, kuma tare da fastocin Sudan aka tsare shi. Rahoton da za ka tura wa masu tallafa maka a gida kar ka sa fuskar yara ko sunan wani ko sunan unguwa a Facebook don a ce kana aiki. Kuɗin hidima kuma ya bi ta hannun ma'ajin ikilisiya, da rasit, kar ka zama baƙon da ake layi a ƙofarsa. Don cefanen kanka kusan komai da Bankak ake biya, manhajar Bankin Khartum, tsabar kuɗi tana wuya, sai ka nemi masu masaukinka su nuna maka yadda za ka yi, layin waya kuma riƙe biyu cikin Zain da Sudani da MTN don in ɗaya ya ɗauke.

Lafiya a gurguje: katin rigakafin shawara, gidan sauro, maganin zazzaɓi a jaka, ruwa a tafasa ko a sa masa kulorin saboda kwalara ta yi ɓarna sosai tun 2024. Akwai dengi, a yankin Gadarif kuma akwai kala azar, zazzaɓin da ya ƙi jin magani je a gwada ka kar ka tsaya shan magani da kanka. Idan kana da iyali bar su a gida tukuna har ka ga yadda wurin yake.

Daga watan farko ka zaɓi matasa biyu ko uku tare da dattawan ikilisiya, su riƙe rajistar yara da makullin akwatin ƙwallo da littafin kuɗi, su jagoranci nazarin Littafi kai kana zaune a baya. Bizarka ana iya ƙin sabunta ta ba tare da an ba ka dalili ba, hanya kuma tana iya rufewa cikin dare ɗaya. Ajiye kwafin fasfo da na izinin zama a wajen fasto, lambar ofishin jakadancin Najeriya a kan takarda ba a waya kaɗai ba, da kuɗin mota da zai kai ka Port Sudan ko Gallabat a iyakar Habasha.