Yadda ɗalibin shari'a zai rubuta sharhi kan yaƙi bisa dokar ƙasa da ƙasa

A ƙarshen watan Yulin 2023, lokacin da ECOWAS ta ba sojojin da suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar wa'adin mako guda kuma ta yi barazanar amfani da ƙarfi, babu majalisar da ba a tattauna batun ba a Zariya, daga Samaru har Tudun Wada. Ra'ayi ya yi yawa, amma hujjar doka ta yi ƙaranci. Wannan giɓi ne ya kamata ɗalibin shari'a, na harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello ko na wani wuri, ya iya cikewa, kuma akwai tsarin da ake bi.

Ka fara da raba tambayoyi biyu da mutane suka saba cakuɗawa. Ta farko ita ce ko ya halatta a ɗauki makami tun asali, ta biyu kuma ita ce yadda ake gudanar da faɗan bayan ya ɓarke. Amsar ta farko tana cikin kundin kafa Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, inda sakin layi na 4 na sashe na 2 ya haramta amfani da ƙarfi, har ma da barazanar yin hakan, sai dai don kare kai a ƙarƙashin sashe na 51 ko da izinin Kwamitin Sulhu a ƙarƙashin babi na 7. Amsar ta biyu tana cikin Yarjejeniyoyin Geneva huɗu na 1949 da ƙarin ƙa'idoji biyu na 1977. Wanda aka zalunta da hari ba shi da izinin kashe fursunoni, kuma sojan ƙasar da ta fara zalunci yana da haƙƙin a yi masa magani idan ya ji rauni. Mai sharhin da ya kasa riƙe wannan bambanci, duk abin da ya gina a kai zai karkace.

Batun Nijar ya isa misali. Ba a kai wa wata ƙasar ECOWAS hari ba, saboda haka maganar kare kai ba ta taso ba. Sashe na 53 na kundin ya ce ƙungiyar yanki ba za ta ɗauki matakin tilastawa ba sai da izinin Kwamitin Sulhu, kuma ba a bayar da shi ba. Abin da ya rage shi ne hujjar gayyata, wato ko zaɓaɓɓen shugaban da ke tsare, wanda iko ya kuɓuce daga hannunsa, zai iya kiran sojojin waje da sunan ƙasarsa. Masu goyon baya sun kawo misalin Gambiya a 2017, inda dakarun ECOWAS suka shiga bisa gayyatar zaɓaɓɓen shugaban ƙasar, amma duk wanda ya karanta ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2337 da idonsa zai ga ya yi maganar bin hanyar siyasa da farko, bai ba da izinin yaƙi ƙarara ba. A ganina hujjar gayyatar ba ta da ƙarfi, sai dai wajibi ne ka shimfiɗa ta yadda masu ita za su yarda ka yi musu adalci kafin ka rushe ta. Kada kuma ka manta da gida, domin sashe na 5 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya buƙaci amincewar Majalisar Dattawa kafin a tura soja yaƙi a wajen Najeriya.

Idan sharhinka kan yadda ake faɗa ne, ka tantance nau'in rikicin kafin komai, domin dokar da ke aiki tsakanin ƙasa da ƙasa ta fi faɗi nesa da wadda ke aiki a rikicin cikin gida, inda ginshiƙi shi ne sashe na 3 da yarjejeniyoyin huɗu suka yi tarayya a kansa. Tun daga shari'ar Tadić a 1995, a kotun da aka kafa kan laifukan yaƙin tsohuwar Yugoslabiya, ana duba abu biyu don sanin ko akwai rikicin makami na cikin gida: tsananin faɗan, da kuma ko ƙungiyar tana da tsari da shugabancin da ke iya ba da umarni. A 2013 ofishin mai gabatar da ƙara na Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ya ɗauki faɗan Boko Haram a matsayin rikicin makami na cikin gida. Na 'yan bindigar dajin Birnin Gwari da Zamfara kuwa masana sun saɓa a kansa, saboda dabobinsu a warwatse suke. Ayyana su a matsayin 'yan ta'adda bai warware wannan tambaya ba, kuma tambayar ba ƙarama ba ce: idan babu rikicin makami, dokar kare haƙƙin ɗan Adam ce kaɗai ke aiki, wadda ba ta yarda a kashe mutum ba sai idan babu wata hanyar ceton rai.

Game da hujja, ka bi sashe na 38 na dokar Kotun Duniya mai shari'a tsakanin ƙasashe, wanda ya lissafa yarjejeniyoyi, al'adar ƙasashe da aka karɓa a matsayin doka, da ƙa'idojin shari'a na gama-gari, sannan ya ajiye hukunce-hukuncen kotu da rubutun malamai a matsayin mataimaka. Ma'ana, maganar farfesa, komai girmansa, ba ta kai nassi ba. Ka buɗe yarjejeniyar da kanka, ka tabbatar ƙasar da kake magana a kanta ta amince da ita, domin Amurka da Isra'ila, alal misali, ba su shiga ƙarin ƙa'ida ta ɗaya ta 1977 ba. A irin wannan hali sai ka koma ga al'ada, kuma binciken da Red Cross ta wallafa a 2005, mai ƙa'idoji 161, yana nan kyauta a intanet. Ɗalibin da ya karanta fiƙihu ba baƙo ba ne a wannan fage, tunda wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar Sham, wadda ta hana kashe mata da yara da tsofaffi da sare itatuwa masu 'ya'ya, tana cikin Muwaɗɗa. Kwatanci da ita yana haskaka sharhi, amma ka bayyana wa mai karatu a fili wace doka kake zartarwa.

Inda aka fi zamewa shi ne wajen abin da ya faru a zahiri. Mutuwar fararen hula, duk ɗacinta, ba ita kaɗai ke tabbatar da laifin yaƙi ba. Doka tana tambayar abin da aka nufa da harin, abin da kwamanda ya sani a lokacin da ya ba da umarni, matakan kariyar da ya ɗauka, da ko ɓarnar da ake tsammani ta wuce kima idan an auna ta da fa'idar soja. Haka kuma kisan ƙare dangi, a yarjejeniyar 1948, yana buƙatar niyyar shafe wata al'umma, dukanta ko wani ɓangarenta. Saboda haka ka faɗi daga ina kowane labari ya fito, ka rarrabe abin da aka tabbatar da abin da wani ɓangare ya yi iƙirari, sannan ka rubuta matsayarka da sharaɗi: idan ya tabbata cewa an san kasuwa ce ke ci a wurin, to harin ya saɓa wa ƙa'ida kaza.

Kafin ka fitar da rubutun, ka sauya sunayen ɓangarorin a zuciyarka, ka sa ƙasar da kake ƙauna a gurbin wadda kake jin haushi, ka sake karantawa daga farko. Duk sakin layin da hukuncinsa ya canja, ka koma ka gyara shi, sannan ka miƙa wa abokin karatun da ka san ra'ayinku ya bambanta ya duba maka lambobin sassa da shekaru ɗaya bayan ɗaya.