Yadda Ake Shirya Gidan Kyamara Kafin Nutso

Da farko, a zare zoben robar da ke toshe bakin gidan kyamara, wato akwatin da ake saka ta a ciki don kare ta daga ruwa, a goge shi tare da kwarminsa, domin silin gashi ko ƙwayar yashi kaɗai ta isa ta buɗe wa ruwa hanya. A shafa wa zoben man silikon gwargwadon yadda zai yi sheƙi kawai, tun da maiƙo mai yawa datti yake kamawa.

Daga nan a mayar da zoben cikin kwarminsa, a rufe gidan da busasshiyar takarda a madadin kyamara, a nutsar da shi, a danna maɓallansa duka. Gwajin wajibi ne ko gidan sabo ne, ganin cewa matsin da ke zurfin mita 10 ninki biyu ne na saman ruwa. Idan takardar ta fito a bushe, sai a saka kyamarar.